Neman kalma: me za mu kira kujerun Jugendstil da Hausa?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakonku a kan wata kalma, ko in ce kalmomi uku da suka sarƙe da juna. Na riga na jefa tambayar a zauren nan, da yawanku kun kawo shawara, shi ne zan bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Ana shirya rubutu da Hausa game da kayan ɗakin Turai na wajen shekarar 1900, sai aka iso kan wasu kujerun Jamus da ake kira da sunan salonsu, Jugendstil. Na katako ne, masu hannu, an sassaƙa jikinsu, an lulluɓe mazauni da majingina da fata. Ba na son a jefa sunan haka nan cikin jimlar Hausa a wuce, ba na kuma son fassarar da za ta kai mai karatu wani gari daban.

Ga wanda bai taɓa ganin hotonsu ba, bari in kwatanta guda. Ƙafafun gaba ba sa tsayawa ƙyam. Suna tasowa daga ƙasa da ɗan faɗi, su tsuke a tsakiya, su wuce mazauni, su lanƙwashe su zama hannu, hannun kuma ya zarce baya ya shige cikin majingina, har ido ya kasa gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. A mahaɗa katakon yakan kumbura ya yi ƙulli irin na gaɓar reshe. Fatar mai kauri ce, galibi ruwan ƙasa, an ja ta ta yi tsam, an kafe bakinta da ƙusoshi masu kan tagulla a jere. Wani lokaci akan yi zane a jikin fatar kanta. Itacen da aka fi amfani da shi shi ne wanda Turawa ke kira ok, sai kuma mahogani, ɗan uwan maɗacinmu.

Kujerar tukuna, don ita ce mai sauƙi. Jamusawa sun raba su. Sessel ita ce mai laushi wadda aka cusa har katako ya ɓace a ciki, wato kujerar kushin. Armlehnstuhl kuwa katakonta a fili yake, ga hannu ga majingina. Tamu ta biyun ce, don haka kushin ta fita. Na ga wani ya kawo karaga. Karaga ta sarki ce, waɗannan kuwa an yi su ne don ɗakin cin abinci da ɗakin karatu na likita da lauya da attajiri. "Kujera mai hannu" ta wadatar, haka kafintoci ke faɗa, haka mai saye ke tambaya.

Sai fata, kuma a nan akwai rami. Da Jamusanci fata ita ce Leder, kunnen Bahaushe kuwa "leda" zai ji. To leda a bakinmu ta daɗe da komawa wani abu: ledar zuba kaya, ledar shimfiɗa a tsakar ɗaki, da wannan ta roba da ake rufe kujerun falo da ita, wadda in ta sha zafin bazara biyu sai ta soma tsagewa tana ɓarewa. Duk wanda ya rubuta "kujerar leda" ya ɓata labarin tun daga farko. Waɗannan fatar dabba ce jemammiya, mafi yawa ta shanu. Fata za mu ce, in ana son ƙarin bayani a ce ƙirgi.

Baba, Allah ya ƙara girma, na ga gyaran da ka yi a kan "sassaƙa", kuma maganar wanda ya riƙe gizago ba abar tsallakewa ba ce. Ka ce sassaƙa daga gungume ɗaya ake yin ta, turmi da akushi da kujerar tsuguno, duk abin da aka yanka da zarto aka harhaɗa kuwa aikin kafinta ne. Haka yake. Amma kujerar nan hannu biyu ta bi. Kafinta ya yanka, ya huda wannan, ya fiƙe bakin wancan ya zura, sannan aka bi jikin katakon ana rage shi ana fere shi har siffar ta fito. Wannan aiki na biyu ba mu da sunan da ya fi sassaƙa dacewa da shi. In muka ce "kujerar kafinta" ba mu faɗi komai ba, domin bencin makaranta ma na kafinta ne.

Kuma Baba, da ka san abin da ya tunzura masu wannan aiki, da ka ga tunaninsu ya fi kusa da naka. Bayan haɗewar Jamus a 1871 kuɗi ya shigo, masana'antu suka cika gidaje da kayan ɗaki masu kwaikwayon na zamunnan da suka shuɗe, manya, masu duhu, masu nauyi. Adon da ke jikinsu sau da yawa inji ne ya fitar da shi daban, aka zo aka manna da gam. Matasan masu zane na birnin Munik wannan suka ƙi. Suka ce ado ya fito daga jikin katakon, ya bi inda nauyi yake bi, kada a liƙa shi daga waje. Saboda haka ina roƙon a bar mana "kujerar sassaƙa", da izininka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, sunan salon.

Amsar da ta fi yawa a ƙarƙashin tambayata ita ce "salon matasa". Na fahimci dalili: Jugend na nufin ƙuruciya ko samartaka, Stil kuma salo. Amma ba daga nan sunan ya fito kai tsaye ba. Jugend sunan mujalla ce ta mako-mako da Georg Hirth ya kafa a Munik a 1896, wadda bangonta da shafukanta suka cika da irin wannan zane mai lanƙwasa. Mutane suka riƙa cewa "salon Jugend", ma'ana irin zanen mujallar nan, har sunan ya bi kujeru da fitilu da gine-gine. Ko da a ce ma'anar ƙuruciyar ta yi daidai da ruhin abin, ku gwada faɗin "salon matasa" ga wanda bai san zancen ba. Aski zai gani, da ɗinkin yayi, da wandon da ya tsuke. Ba zai taɓa kawo kujerar da ta haura shekara 120 a ransa ba. Kalmar da sai an bi ta da dogon bayani kafin a cire kuskuren da ita kanta ta shuka, ba ta yi aikinta ba.

Yayata daga Damagaram, sannu da ƙoƙari. Kin bi ta Faransanci, art nouveau, kika kawo "sabuwar fasaha". Matsala biyu. Ta farko, a Hausar rediyo da jarida ta yau fasaha ta karkata wajen waya da kwamfuta da intanet, "sabuwar fasaha" kuwa kullum ana jin ta a labaran ƙere-ƙere. Ta biyu, wancan sunan na kanti ne. Siegfried Bing, haifaffen Hamburg da ya zauna a Paris yana cinikin kayan Japan, shi ya buɗe gidan baje kolin da ya raɗa wa Maison de l'Art Nouveau a Disambar 1895. Sabo ne a lokacin. Mu da muke raɗa suna yau ba mu da dalilin kiran sa sabo.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne, su kansu Turawan da yawansu ba su fassara wa juna ba, kowane tsuntsu kukan gidansu ya yi. A Ostiriya suka kira shi da sunan ƙungiyar masu zanen Viyana da suka ɓalle a 1897 ƙarƙashin Gustav Klimt, Secession. A Italiya suka ce Stile Liberty, da sunan kantin Liberty na Landan da ke sayar da irin kayan. A Barcelona, garin mai tsara gine-gine Gaudí, Modernisme. Waɗanda suka tsani salon a Faransa kuwa suka ce masa style nouille, salon taliya, saboda layukansa masu murɗewa. Ku lura, masu zagin su ne suka dubi abin da ido ke gani suka ba shi suna. To mu ma mu dubi abin, amma mu ba shi suna na mutunci.

Hajiya, ranki ya daɗe, "salon furanni" da kika kawo ya fi duk na baya kusa, Italiyawa ma suna da makamancinsa, stile floreale. In ana zancen gilasai da yadudduka da bangon littafi, zai yi. A kan kujerun Munik ne yake gazawa. Ki dubi kujerar da Richard Riemerschmid ya zana don ɗakin kiɗa, wadda aka nuna a baje kolin Dresden a 1899. Itacen ok ce da mazaunin fata, babu fure ko ɗaya a jikinta. Abin da ya sa ta shahara sanda ce guda a kowane gefe, wadda ta taso daga majingina ta gangaro a karkace da ɗan lanƙwasa har ƙasan ƙafar gaba. Sandar ita ce ƙarfin kujerar, ita ce kuma adonta, ta bar wa makaɗi sarari ya motsa hannuwansa. Riemerschmid mai zanen hoto ne tun asali, haifaffen Munik a 1868, ya shiga zanen kayan ɗaki ne lokacin da ya tashi kafa gidansa bai sami abin da ya kwanta masa a kasuwa ba. Haka kujerun Bernhard Pankok, mutumin Münster: abin da ke kama ido a nasa shi ne mahaɗan nan masu kumburi da sandunan da ke rarrabuwa suna sake haɗuwa, har ka rantse katakon bai gama girma ba. In muka ce furanni, mai karatu zai je neman fure ya rasa, ya ce mun yi masa ƙarya.

Akwai wanda ya ce "salon bulala", kuma ya yi karatu, domin maganar tana da tushe. Hermann Obrist, ɗan asalin Suwizalan da ya karanci ilimin halittu kafin ya koma zane, ya tsara wani surfani wajen 1895, zaren siliki ruwan zinariya a kan ulu. Hoton wani ɗan furen ƙasar sanyi ne, amma karansa ya yi ta kai da komowa yana naɗewa da ƙarfi, har wani mai sharhi ya kamanta shi da bulalar da aka kaɗa. Sunan ya zauna, Peitschenhieb, kuma surfanin yana gidan tarihin birnin Munik. Wannan layi shi ne jinin salon baki ɗaya. Sai dai bulala a kunnenmu horo ce, kotu da makarantar allo take tunowa. Zan ajiye ta don wannan layin kaɗai, a ce "lanƙwasar bulala" in ana bayanin surfanin Obrist, amma ba za ta ɗauki sunan salon duka ba.

Ga abin da nake kawowa: salon yaɗo.

Ku tuna yadda kabewa ko duma ke yi a jikin danga da damina. Kara ɗaya ne, ba ya tafiya a miƙe, ba ya kuma karyewa ya yi kusurwa. Yana tafe yana lanƙwasa, ya yi gaɓa ya fitar da reshe, ya sami abin kamawa ya naɗe shi, ya wuce. Ko fure ya fito ko bai fito ba, yaɗo yaɗo ne. Abin da ƙafar kujerar nan take yi ke nan lokacin da ta zama hannu ta zama majingina. Kalmar ta kama surfanin Obrist, ta kama mahaɗan Pankok, ta kama sandar Riemerschmid da ba ta da ko ganye. Gajeriya ce, Bahaushen Katsina da na Maraɗi da na Zangon Kumasi duk sun san ta, kuma ba wani salon da ya riga ya mallake ta. Sai mu ce "salon yaɗo" ga abin da ya game Turai, "salon yaɗo na Jamus" ga Jugendstil, na Faransa, na Beljiyam, haka har ƙarshe.

Na zaɓi "salo" ne a kan 'yan uwanta da gangan. "Ƙirar Jamus" za a ɗauka inda aka ƙera ake nufi, yadda ake faɗa wa mota. "Yayi" kuwa abu ne da ya zo ya wuce bai bar komai ba. Gaskiya ne wannan bai yi tsawon rai ba, shekara goma da 'yan kai, amma abin da ya biyo bayansa daga cikinsa ya fito.

Allah gafarta Malam, ƙalubalenka shi ne mafi nauyi da na samu, kuma ba zan kauce masa ba. Ka ce ba duk Jugendstil ne ke lanƙwasa ba. Gaskiyarka. A 1899 Ernst Ludwig, mai sarautar yankin Hessen na Jamus kuma jikan Sarauniya Victoria, ya tara masu zane bakwai a unguwar Mathildenhöhe ta Darmstadt, cikinsu har da Joseph Maria Olbrich daga Viyana da Peter Behrens daga Munik. Suka gina gidaje suka cika su da kayan da suka zana, suka buɗe wa jama'a a 1901. Wurin nan UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2021. Daga wajen wannan lokaci layin ya soma miƙewa, murabba'i da da'ira suka soma korar lanƙwasa. Shi kansa Riemerschmid a 1906 ya fito da kayan ɗakin da aka tsara don inji ya yi su, tare da masana'antar Karl Schmidt ta Dresden, lafiyayyu, marasa sassaƙa. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu zane da masu masana'antu ta Deutscher Werkbund a Munik, a 1919 aka buɗe makarantar zane da ƙira ta Bauhaus a Weimar, a ginin makarantar da Henry van de Velde, ɗan Beljiyam kuma jigo a wannan salo, ya tsara. Wanda ya kalli kujerar 1906 ya ce mata yaɗo, ya matsa wa kalmar.

Amsata biyu ce, Malam. Ta farko, suna ba ya ɗaukar dukan tarihin mai shi. Su ma Jamusawan da suke cewa Jugendstil, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne lanƙwasar nan, sai masani ne ke tuna ɓangaren da ya miƙe. Ta biyu, ban ce a jefar da sunan asali ba. A rubutun ilimi a kawo shi sau ɗaya a farko, a ce salon yaɗo na Jamus, wanda su suke kira Jugendstil, sannan a ci gaba da namu. In aka iso kan kayan bayan 1903 ko 1904, a ce "ƙarshen zamanin salon yaɗo, lokacin da layi ya miƙe". Jimlar ma ta koyar da tarihin da kanta. Kujerun da muka taru a kansu kuwa, na sassaƙa da fata, 'ya'yan shekarun farko ne, lokacin da Obrist da Pankok da Riemerschmid da Bruno Paul suka haɗa kai a kamfanin Vereinigte Werkstätten na Munik, wanda aka kafa a 1898 don mai zane ya zana, gwanin hannu ya aiwatar, a sayar da sunan mai zanen. Su ne suka kai ɗakuna sukutum baje kolin duniya na Paris a 1900, inda ɗakin mafarauci na Bruno Paul ya ci babbar lambar yabo. A kan waɗannan, yaɗo ba ta da makusa.

Ƙanena da ya tambayi yadda za a furta sunan asalin a rediyo: harafin J a Jamusanci Y ne, "st" ɗin kuma "sht" ake jin sa. Yugen-shitil ya yi kusa ƙwarai. Kada a ce "Jugen". Kai kuma da ka ce in aka rubuta a waya ba ƙugiya zai koma "yado" a rikita shi da yadi, wannan ciwon ya shafi rabin ƙamus ɗinmu, ba za mu bar kalma mai kyau don allon waya ba. A sa ƙugiyar.

Saura zanen da ke jikin fatar, kuma a nan na ji daɗin shigowar dattijonmu baduku. Jamusawa suna da wata sana'a da suke kira Lederschnitt. Ana jiƙa fata mai kauri, a bi zanen da bakin wuƙa a tsaga sama-sama ba tare da an huda ba, a buɗa tsagar, a turo wasu wurare daga baya su taso, a daddanna filin da ya rage da ƙarfe mai hatimi. Wanda ya fi shahara da ita a wancan zamani shi ne Georg Hulbe na Hamburg, wanda ya rasu a 1917, kuma shagonsa ya yi aikin fata na majalisar dokokin Jamus a Berlin da na zauren birnin Hamburg. Fassarar kai tsaye ita ce "yankan fata", amma Baba baduku ya ce a wurinsu yanka shi ne fitar da ƙirar takalmi ko jaka daga fata, ba ado ba ne. Na karɓa hannu bibbiyu. Ya ba da "zanen fata", wata malama ta ba da "zayyanar fata". Na fi karkata ga ta biyun, saboda zane yana iya zama na alƙalami ko na rini, zayyana kuwa tana ɗauke da ma'anar ado da aka tsara aka cika fili da shi, kamar yadda muke faɗa a kan allo da bangon gida. In an turo ta daga baya, a ƙara da "mai tudu".

Na gwada kalmomin a bakin mutum uku, in ji ko za su zauna. Mai rubuta bayani a ƙarƙashin hoto: "Kujerar sassaƙa mai hannu, itacen ok da fata, salon yaɗo na Jamus, wajen 1900." Mai koyarwa a aji: "Salon yaɗo ya taso ne don ƙin adon da ake mannawa." Mai ba kafinta aiki: "Malam, hannun nan nake so ka yi mini shi da yaɗo, ya zarce cikin majingina, kada ka yanke shi." Ta ukun nan ita ta fi kwantar mini da hankali, domin kafintan da bai taɓa jin sunan Munik ba zai ɗauki fensir ya zana abin da ake nufi. Da waɗannan za a shigar da rubutun, wanda kuma yake da wadda ta fi yaɗo ya kawo ta kafin a kai wa mai gyara.